Dutsen Taimamar Baba

Tawa, watan Mayu

Zuwa ga ƙanena Muktari,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya a wannan Kanada taku da ka ce ko majina daskarewa take yi. Mu nan lafiya lau, sai zafin bazara da ya kore mu daga ɗakuna. Maigidana Mumuni yana gaishe ka, yara suna gaishe ka, har da ƙaramar da ba ka taɓa gani ba, wadda yanzu ta fara tafiya tana jawo mana kwanoni.

Kada ka yi mamakin ganin rubutun hannu. In na kira ka, ko kana daji ba rezo waya ba ta shiga, ko kana sharar barci mu hantsi ya ɗaga. Shi ya sa na rubuta a takarda na ɗauki hotonta na turo, duk ranar da ka fito gari ka karanta. Ni da nake koya wa matan unguwa rubutun Hausa ba zan kasa rubuta wa ƙanena ba.

Jikin Baba ne ya sa na zauna rubutun nan. Ƙafafunsa sun kumbura, likita ya ce zuciyar ta gaji. Ya daina zuwa maƙera, sai dai ya zauna a zaure yana sauraron masabar yaransa daga nesa, yana faɗa wane ne ya buga daidai, wane ne yake ɓata ƙarfe. Abin da ya ci da safe yakan manta, amma zancen yarintarsa yanzu ya dawo masa fes. Ran Juma'a bayan an sauko ya kira ni ya ce, "Raƙiya, ina son in tai in gaida Inna kahin in bi ta. Tun ran da anka aza ni bisa jaki ban koma ba."

Ka san labarin, amma bari in tuna maka, don kai a lokacin da yake ba mu shi ƙwallo ne a ranka. Yana yaro aka yi yunwa, Kaka Azumi ta rasu a tungarsu, kawunsa ya ɗauko shi ya kawo shi Tawa, sauran mutane suka watse. Kawun ya daɗe da rasuwa. Abin da Baba ya riƙe kaɗan ne: wurin yana wajajen Takanamat, akwai ƙorama, kuma ana ce masa Tungar Maƙera. Mumuni yana lodin Takanamat duk ranar kasuwa, ya tambaya har ya gaji. Kowa ya tambaya sai ya nuna masa gabas ɗinsa daban, don kufan da ake kira da wannan suna sun fi a ƙirga.

Abu ɗaya ne ya zo da shi daga can, dutsen taimamar nan baƙi-baƙi da ke gefen buzunsa. Na Kaka ne. Jiya ina kallonsa yana shafa shi sai na ce a raina, to ai muna da ɗa wanda aikinsa ke nan. Ba kai ka ce mana ana biyanka don ka tsinci dutse a daji ka gano inda ya fito ba? Shekara huɗu kana yi wa Turawa. Ka yi wa ubanka sau ɗaya. Ga hotunan dutsen nan na ɗauka ta kowane gefe, na ajiye kwalin ashana kusa da shi don ka gane girmansa.

Kuma ka gaya mini yaushe za ka zo. Ba don ni ba, ni na saba.

Yayarka,
Raƙiya

*

Arewacin Kebek, ƙarshen Mayu

Yaya Raƙiya,

Wa alaikumus salam. Na samu takardarki ranar da muka shigo gari sayen kayan abinci, na karanta ta a tsaye a bakin kanti. Ina lafiya. Ki gaishe da Mumuni da yara, ki sumbatar mini ƙaramar. Ki riƙe hannun Baba ki ce Muktari yana gaishe shi da jiki, Allah ya ba shi lafiya. Da na kai wurin da kika ce yana sauraron masaba daga zaure, sai da na juya wa abokan aikina baya. Nan ba abin da ke warin gawayin maƙera, Yaya. Wani lokaci nakan tsaya kusa da wutar da muke dafa shayi don kawai in tuna.

Bari in gaya miki yadda aikin yake, don ki karanta wa Baba. A zamanin da, ƙanƙara ta taɓa rufe ƙasar nan gaba ɗaya, kaurinta ya fi tsawon duk wani dutse na ƙasarmu ta Adar, kuma tana tafiya a hankali. In ta bi ta kan dutse mai zinariya ko jan ƙarfe sai ta ɓamɓari gutsattsari ta tafi da su, ta yar da su can nesa lokacin da ta narke. Mu aikinmu mu shiga daji da guduma, sauro yana cin mu, muna fasa waɗannan ɓatattun duwatsu. In mun samu mai arziki a ciki, sai mu duba zanen da ƙanƙara ta bari a kan falalen dutse, mu gane ta ina ta zo, mu yi ta komawa baya har mu kai ga uwar dutsen. Doka ta farko da aka koya mana ita ce: dutse mai kaifi bai yi nisa da uwarsa ba, mai santsi kuwa ya sha tafiya.

Na zauna da hotunanki sosai. Dutsen Kaka tama ce, irin wadda kakanninmu ke narkawa su fitar da ƙarfe. Ki duba da kyau za ki ga ƙananan ƙwayoyi a jikinsa kamar gero, ga kuma wani zare rawaya da ya ratsa shi. Da farko na yi murna, na ce daga bakin ramin tama aka ɗauko shi, sai a nemi tsofaffin ramuka a gindin dutse. Amma wanda aka ɗauko daga rami yana da baki-baki, wannan kuwa ya yi sumul ko ta ina. A ƙasarmu ba ƙanƙara, ruwa ne ke wannan aiki. Kafin dutse ya yi santsi haka sai babbar ƙorama ta daɗe tana mirgina shi. Tunda Baba ya tuna da ƙorama, ina ganin Kaka a cikin yashinta ta tsince shi, can ƙasa, nesa da duwatsu.

Saboda haka kada ku ɓata lokaci a gindin duwatsu. Na duba taswira, na zana muku babban kwarin da ke arewa da Takanamat. Ku bi shi ta inda ya baje a fili, ku tambayi kufai a bakinsa. Ku yi ƙoƙari kafin ruwa ya sauka.

Zancen zuwa kuwa, Yaya, yanzu ne lokacin aikin ya kama, kuma da shi zan kammala karatun. Ba zan iya tasowa ba sai ƙanƙara ta rufe ƙasa. Gobe jirgi mai saukar ungulu zai kai mu wani sansani, zan daɗe ban ga rezo ba.

Ƙanenki,
Muktari

*

Tawa, watan Yuni

Muktari,

Ina gaishe ka. Yara lafiya, Mumuni lafiya. Baba ba lafiya ba.

Mun je. Na karanta masa takardarka tun daga sallama har sa hannu. Zancen tama ya yi masa daɗi ƙwarai, ya ce, "Ashe dai yaron ga bai mance ɗan wa ne ba." Amma da na zo wurin da ka ce sai ƙanƙara ta rufe ƙasa, sai ya ɗago ya dube ni. Can ya ce, "Ƙanƙara ta ruhe ƙasa? To, ya hwaɗi gaskiya, ba shi zuwa." Na yi masa bayani cewa a can kowace shekara tana rufewa, ya gyaɗa kai don kada in ji kunya. Kai ma da ka san wa za a karanta wa, da ka zaɓi wata maganar.

Mumuni ya ajiye lodi ya ba mu motar. Muka shimfiɗa wa Baba katifa a baya, dutsen yana cinyarsa. Ka san halin da hanyar arewa take ciki yanzu, ba a yin yamma a kanta, don haka muka fita da wuri. Bayan Takanamat kaɗan mun wuce wani dutse mai baki a sama kamar an yanke shi da wuƙa. Baba ya ɗaga kai ya ce, "Mumuni, rage. Wancan dutsi kamar na san shi." Ni da bakina na ce, "Baba, Muktari ya ce ba a gindin duwatsu ba ne." Ya ce to. Ya bi dutsen da kallo har ya ɓace.

Kwarin naka mun bi shi har mota ta fara nutsewa a yashi. Mun tsaya a rijiyoyi, mun tsaya a rugage, an ba mu ruwa da nono, an yi mana kirki. Wani dattijon Buzu ya hau gaba ya kai mu kufai biyu. A kowanne aka sauko da Baba, ya dafa kafaɗar Mumuni, ya juya gabas ya juya yamma, ya ce, "Ba nan ne ba." A na biyun ya ƙara da cewa, "Nan ko dutsi babu. Mu da muke kwana muna jin gwaggon biri bisa dutsi." Sai a lokacin ya tuna da wannan. Kuma duk yashin da muka taka ban ga dutse ɗaya mai kama da namu ba, na duba har bayana ya ƙage.

Girgizar hanya ta yi masa illa. Da muka dawo numfashinsa yana sama-sama, sai da aka kwantar da shi asibiti aka sa masa iska. Yanzu yana gida, amma ko zaure ba ya fita. Ruwan farko ya sauka jiya, hanyar ta rufe ke nan sai kaka.

Ban ce laifinka ne ba. Amma raina a ɓace yake, kuma ba ni da wanda zan ɓata wa sai kai.

Raƙiya

*

Tawa, watan Agusta

Ƙanena,

Gaisuwa da fatan alheri. Shiru, shiru. Kullum nakan duba waya in ga takardata ta Yuni ba a ko buɗe ta ba. Na san ka ce za ka daɗe, amma zuciya ba ta san wannan ba. Wani lokaci in ce jirgin nan ne ya faɗi da ku, wani lokaci in ce ka karanta ta wata hanya ka yi fushi. In fushi ne, ka yi haƙuri, ka san bakina tun muna yara.

Damina ta yi kyau, gero ya fara fitar da kai. Baba ya ɗan samu sauƙi, yana shan kunu, yana salla a zaune. Zancen tafiya bai sake yi ba, kuma wannan ya fi damuna fiye da lokacin da yake yi. Mutum ne da ya nemi abu ɗaya a wurin 'ya'yansa, ya ga bai samu ba, ya naɗe ya ajiye.

Ga wani abu da ya ɗaure mini kai. Shekaranjiya ina shafa masa man kaɗe a hannu, na kai kan tabon nan na tafin hannunsa na hagu. Kai ma ka san shi, muna yara muna cewa wutar maƙera ce. Na ce, "Baba, wane ƙarfe ne ya yi maka wannan?" Ya yi dariya ya ce, "Wane ƙarhe? Dutsin ga ne. Ran da Inna ta ɗauko shi na hwizge daga hannunta, ya tsaga ni. Da zanenta ta ɗaure mini." Na ce, "Wannan dutsen mai santsi?" Ya ce, "Da ba haka yake ba. Kaihi gare shi kamar aska, sai da tsumma take naɗe shi."

To malam mai karatun duwatsu, ni ban gane ba. Ka ce ruwa ne ya goge shi kafin Kaka ta tsince shi. Shi kuma ya ce da kaifinsa ta ɗauko shi. Ko dai mantuwa ce irin tasa? Amma tabon yana nan, na taɓa shi da hannuna.

Ka rubuto ko layi ɗaya ne, in san kana numfashi.

Yayarka,
Raƙiya

*

Arewacin Kebek, ƙarshen Agusta

Yaya,

Ina lafiya, ban yi fushi ba, jirgi bai faɗi ba. Yau muka fito, takardunki biyu suka shigo tare. Na karanta ta farko na kasa cin abinci, na karanta ta biyu na tashi tsaye. Ki gaishe da kowa. Ki durƙusa gaban Baba a madadina ki ce ya yafe mini wahalar da na sa shi.

Ba mantuwa ba ce, Baba ne da gaskiya. Ni na auna dutsen da ma'aunin nan ƙasar, inda ba mai taɓa dutse sai ƙanƙara da ruwa. Na manta abin da na gani da idona. Ina dutsen nan yake zama muna yara? A tagar masallacin ƙofar gida. Duk tsohon da sanyi ya hana shi taɓa ruwa, duk mai ciwo a hannu, duk baƙon da ya tarar da tulu ba komai, shi yake bugawa ya shafa. Kafin nan Kaka ta yi ta shafa shi, bayan nan Baba bai rabu da shi ba. Tama ba ta da taurin da za ta jure wannan. Hannu ne ya cinye kaifinsa, Yaya, ba ƙorama ba. Ni kaina nawa hannun yana ciki, don na sha yin taimama da shi da asubar hunturu in Baba bai gani ba.

Tunda da kaifinsa ta ɗauko shi, to a bakin uwarsa ta ɗauko shi. Tungar tana gindin dutse, kusa da ramukan tama. Ga abin da za a yi, kuma wannan karon kada a motsa Baba sai an tabbata. Mumuni ya shiga rumfar maƙera a kasuwar Takanamat, ya nemi mafi tsufa a cikinsu. Kada ya tambayi sunan tunga. Ya tambayi wuraren da aka taɓa narka tama, inda har yanzu ake ganin tulin kashin maƙera, wato ƙonannen dattin tama, a ƙasa. Duk wurin da aka nuna masa, ya hau har inda tamar take, ya fasa gutsure daga jikin dutsen kansa, ba wanda ya faɗo ba. Kowane wuri da ƙullinsa daban, kada su gauraya. Ya fara da dutsen da Baba ya ce a rage.

In ya kawo, ki jiƙa su da ruwa ki jera su kusa da na Kaka a cikin rana. Tama mai ƙwayar gero tana da yawa a Adar, ita kaɗai ba ta isa shaida ba. Zaren nan rawaya za ki nema.

Zancen ƙanƙara kuma, ki gaya wa Baba ba baƙar magana na yi ba. Ganyen itatuwa ya fara sauya launi, alamar ta kusa ke nan. Rabona da in so sanyi tun da na zo ƙasar nan, amma bana kullum da safe sai na leƙa waje ina roƙon ta sauko. Sauran aikin kusa da gari ne, zan riƙa ganin saƙonki.

Muktari

*

Tawa, watan Satumba

Muktari,

Alhamdu lillahi da na ga rubutunka. Muna lafiya, an fara cin tumu. Da na karanta wa Baba zancen taimamarka ta ɓoye ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, ya ce, "Yana tsammanin ban gani ba?"

Mumuni ya samu wani tsohon maƙeri, Malam Hasan, wanda ya ce yana yaro ya ga ƙarshen narkar tama. Mota ba ta shiga yanzu, sai a kan babur suka yi yawon, Mumuni yana tuƙi, tsoho yana riƙe da rawaninsa. Ƙulli uku suka kawo mini. Na jiƙa, na jera, na ɗauki hoto kamar yadda ka ce. Biyu ba su da komai sai gero. Na ukun, wanda na ɗaure da jan ƙyalle, ka duba da kanka. Ba zan ce komai ba, kada son zuciya ya sa in ga abin da babu. Ban nuna wa Baba ba tukuna.

Na jan ƙyallen daga dutsen da na hana a tsaya ne.

Raƙiya

*

Yaya,

Ina lafiya, ina gaida kowa. Shi ne. Zaren ɗaya, kaurinsa ɗaya, har yadda ƙwayoyin suka ƙanƙance a gefensa. Na nuna wa malamina ba tare da na gaya masa komai ba, ya ce uwarsu ɗaya. Ki nuna wa Baba. Kuma kada ki ɗora wa kanki zancen tsayawa, maganata kika faɗa. Da hanya ta bushe ku tafi, kada ku jira ni. Wallahi rubuta wannan layin ya yi mini wuya.

Muktari

*

Tawa, watan Oktoba

Ƙanena Muktari,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya. Mu nan an yi girbi, rumbuna sun samu, yara sun koma karatu a lakwal. Baba yana nan, jikin dai sai a hankali. Ka nemi wuri ka zauna kafin ka ci gaba.

Mun kai shi.

Likita bai so ba, amma Baba ya ce masa, "Ɗana, in ka hana ni, mi za ka ajiye ni in yi?" Sai ya rubuta magani ya ce a tafi a hankali. Mumuni ya yi tuƙi kamar mai ɗauke da ƙwai. Muka ɗauki Malam Hasan a Takanamat, su biyu suka yi ta zancen zuga-zugi a baya kamar sun shekara da sanin juna. Da dutsen ya bayyana sai Baba ya kafa masa ido.

Ba gida ko ɗaya, Muktari. Gonar wasu ce yanzu, an yanke gero, sai kara. Amma ga ƙoramar, 'yar ƙarama ce, yaro ma zai tsallake ta. Ga kashin maƙera tuli-tuli, baƙi, yana ƙara a ƙarƙashin takalmi. Aka sauko da shi. Bai juya gabas da yamma ba wannan karon. Ya nuna da sandarsa ya ce, "Rijiya tana can." Muka duba, ga bakin tsohuwar rijiya ya cike da ƙasa. Ya ce, "Ɗakinmu nan. Inna tana daka nan." Daga nan ya kama hanya da ƙafarsa, mutumin da ko zaure sai an riƙe shi, Mumuni yana binsa da hannu a buɗe kada ya faɗi.

Maƙabartar tana bayan wasu itatuwan aduwa. Masu gonar, Allah ya saka musu, ba su taɓa sa garma a wurin ba, sun ce iyayensu sun gaya musu akwai mutane kwance. Duwatsu ne a jere, wasu sun nutse. Ni na tsaya daga nesa, amma ina jin muryarsa. Ya yi sallama ya ce, "Inna, Zubairu ne. Na daɗe." Bai san wanne ne nata ba, kuma bai yi kamar ya sani ba. Ya zauna a ƙasa ya yi musu addu'a dukansu, ya daɗe yana yi. Ni kuwa na yi kukan da rabona da shi tun rasuwar Mama.

Da ya gama sai ya fito da dutsen daga aljihu, ya buga ya shafa fuska da hannuwa, ya yi azahar a gefe. Sannan ya ajiye shi a tsakanin duwatsun ya taso. Na ce, "Baba, ka manta dutsenka." Ya ce, "Ban mance ba. Aro ne, na maido."

Na ɗauka shi ke nan, sai ya ce a kai shi bakin ramin tama. Hawan ba nisa, amma sai da Mumuni ya goya shi. Ya karɓi gudumar mota, ya duba jikin dutsen, ya sa yatsa a kan zaren nan rawaya da kake faɗa, ya buga. Bugun farko gudumar ta goce. Malam Hasan ya miƙa hannu zai taimaka, Baba ya harare shi. A na gaba gutsure ya ɓalle, daidai cikin tafi, baki-baki ko ta ina. Da ya ɗauka sai da ya ɗan yanke shi a yatsa, ya dubi jinin ya yi murmushi.

Shi ne yanzu a gefen buzunsa, naɗe da tsumma. Na ce in an samu mai tafiya in aika maka gutsure ka ajiye, ya ce ko kusa. Ya ce naka ne duka, amma ba a aika shi. Kowace salla da shi yake taimama, a hankali saboda kaifin. Jiya bayan la'asar ya kira ni ya ce in kawo takarda in rubuta maganarsa yadda ya faɗe ta, kada in gyara. Ga ta:

"Muktari, na ga Inna, Allah shi yi maka albarka. Dutsin ga na hwara goge maka shi, amma hannuna ba shi kaiwa. Ka taho ka amsa."

Kullum da safe in na kai masa kunu, kafin ya tambayi yara, sai ya ce in duba waya in gani ko ƙanƙarar ta sauka. Ta sauka, Muktari?

Yayarka,
Raƙiya